Gwargwadon Karatu, Gwargwadon Ma'ajiya: Shawara ga Ɗalibin Jami'a da Mahaifinsa Kafin Sayen Kwamfuta

Kowace shekara, da zarar jami'o'in ƙasar nan sun fitar da sunayen waɗanda Allah ya ba sa'ar samun gurbi, aka biya kuɗin rajista, aka nemi ɗakin kwana, aka sayi katifa da bokiti da risho, sai magana ta zo kan abu guda wanda iyayenmu ba su sani ba cikin kayan ɗalibi, amma a yau ya zama kusan wajibi, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda 'yan kasuwa da ɗalibai ke kira laftof. Wanda ya bi ta Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja a irin wannan lokaci, zai iske uba da ɗa tsaye gaban kanta, mai shago yana jera musu HP da Dell da Lenovo na hannu, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su ƙetaro teku, yana cewa, "Alhaji, wannan terabait guda ce cur, waccan kuwa 256 kawai gare ta." Uba, wanda ya tara kuɗin da guminsa, ba ya ganin wata shubuha a zancen, tun da kowa ya san dubu ta fi ɗari biyu da hamsin, ɗan kuwa, wanda ya ji abokai suna cewa a nemi mai SSD, sai ya yi shiru don kunyar mahaifi, ga shi kuma ba shi da hujjar da zai kawo. A wannan tsayuwa ta minti goma ne galibi ake yanke hukuncin da yaro zai zauna da shi shekara 4, ko 5 idan injiniyanci ko shari'a zai karanta, ko 6 idan likitanci ne.

Abin da nake ganin shi ne daidai a wannan mas'ala shi ne, babu wani adadi guda da ya dace da kowa, domin ma'aunin gaskiya shi ne fannin da ɗalibi zai karanta da halin da zai yi karatun a ciki. Kuma wanda ya san abin da zai zuba a ma'ajiyarsa kafin ya saye ta, ya tsira daga almubazzaranci, ya kuma tsira daga ƙuntata wa kansa.

Mene ne ake saye?

Kafin a yi maganar yawa, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa a kasuwa, saboda dukansu da gigabait ake auna su, dukansu kuma wasu kan kira su memori. Na farko shi ne RAM, na biyu ita ce ma'ajiya, wadda masu gyara ke kira had-dis ko SSD. Misalinsu kamar malamin zaure ne da buzunsa da akwatin littattafansa: abin da yake bita a wannan zama shi ne buɗe gabansa bisa buzu, in ya tashi sai a naɗe, akwatin kuwa shi ke riƙe da duk abin da ya mallaka, ko yana karatu ko yana barci. Da an kashe kwamfuta, duk abin da ke cikin RAM ya gushe, na ma'ajiya kuwa yana nan. Saboda haka wanda kwamfutarsa ke nauyi idan ya buɗe shafuka da yawa a lokaci guda, RAM ce ta yi masa kaɗan, kuma ko da yake Windows 11 tana yarda da gigabait 4, mai son sauƙi kada ya yi ƙasa da 8; wanda kuwa take sanar da shi cewa wuri ya cika, ciwonsa na ma'ajiya ne.

Asalin ma'aunin shi ne bait, wanda ke ɗaukar harafi guda na boko, harafin Larabci kuwa yakan ci biyu. Bait miliyan guda shi ne megabait, dubunsa gigabait, dubun gigabait kuma terabait. Rubutu zalla ba shi da nauyi ko kaɗan, har ma matanin Alƙur'ani mai girma baki ɗaya, da wasullansa, bai kai megabait 2 ba. Had-dis na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 yana da faya-fayai 50, faɗin kowane inci 24, nauyinsa wajen tan guda, amma haruffa miliyan 5 kaɗai yake iya riƙewa, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu za su cika a yau. Wannan ya nuna cewa ba rubutu ne ke cika kwamfuta ba. Hoto ne, da sauti, da manhajoji, sama da kome kuma bidiyo.

Akwai kuma wani abu da kan jawo husuma tsakanin mai saye da mai sayarwa ba tare da ɗayansu ya yi ha'inci ba. Masu ƙera ma'ajiya suna lissafa gigabait a kan bait 1,000,000,000, Windows kuwa tana lissafa shi a kan 1,073,741,824, don haka ma'ajiyar da aka rubuta 128 a jikinta za ta nuna wajen 119, mai 256 ta nuna 238, mai 512 ta nuna 476, mai terabait guda kuwa 931. Daga cikin wannan kuma Windows da kanta za ta ɗebi gigabait 20 zuwa 30, ta keɓe wajen 7 don sabuntawa, sannan masana suna ba da shawarar a bar aƙalla kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari babu kome don kada na'urar ta yi nauyi. Ashe abin da ke isa hannun ɗalibi ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka faɗa masa a shago.

Iri kafin yawa

Ma'ajiyar da ke cikin laftof iri uku ce. Ta farko ita ce had-dis na asali, wanda faifai ne na gaske yake juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu mai karatu yana shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani. Yana da arha da yalwa, shi ya sa ake samun mai gigabait 500 ko terabait guda a kwamfutocin hannu, amma saurinsa bai cika wuce megabait 100 a daƙiƙa ba, kuma tun da akwai abin da ke motsi a cikinsa, ba ya son faɗuwa, ba ya son jijjiga, ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Duk wanda ya san rayuwar ɗalibinmu, wanda ke saɓa jaka ya hau acaɓa ko adaidaita-sahu a kan hanya mai ramuka, ya kwana ɗaki ɗaya da mutum shida ko takwas, ya kuma yi aiki da kwamfutar da batirinta ya riga ya gaji ta yadda da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, ya san cewa waɗannan abubuwa uku su ne abincinsa na kullum.

Ta biyu ita ce SSD, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Mai haɗin SATA tana kai wajen megabait 550 a daƙiƙa, mai haɗin NVMe kuwa tana kai 3,000 ko fiye, kuma bambancin ba sai an auna da na'ura ba, domin kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta buɗe da had-dis takan buɗe cikin daƙiƙa ashirin da SSD, ta kuma rage cin batir. Ta uku ita ce eMMC, wadda ake samu a ƙananan kwamfutoci sababbi masu arha, masu gigabait 32 ko 64, manne a jikin allon na'urar ta yadda ba a iya cire ta. Windows 11 ta shar'anta gigabait 64 a matsayin mafi ƙarancin wuri, saboda haka mai irin wannan kwamfuta, tun ran da ya fitar da ita daga kwali, a bakin iyaka yake zaune, kuma ƙyallin sabuntarta ba zai amfane shi da kome ba ranar da ta kasa sabunta kanta don rashin wuri.

Hukuncin a nan a fili yake: SSD mai 256 ta fi had-dis mai terabait guda alheri ga ɗalibi, domin ƙarancin wuri yana da magani mai sauƙi, nawa da saurin lalacewa kuwa kullum za a riƙa shan wahalarsu.

Lissafin kowane fanni

Bari mu ɗauki ɗalibin Hausa, ko tarihi, ko shari'a, ko ilmin tarbiyya, ko nazarin addinin Musulunci, mu ƙaddara zai yi darussa 80 a tsawon karatunsa, kowane darasi kuma ya tara masa handawut da littattafan PDF na megabait 100; jimla gigabait 8 ke nan. Manhajar Office tana buƙatar wajen 4. Idan yana naɗar muryar malamai, awa guda ta sauti mai kyau ba ta cika wuce megabait 60 ba, wato awa 500 za su ci gigabait 30. Ko da ya ƙara da Maktaba Shamila mai dubban littattafai, da mujalladan Fathul Bari da Tafsirin Ɗabari da Lisanul Arab waɗanda aka ɗauki hoton shafukansu, har yanzu 256 za ta ɗauke shi har ya gama, ta bar masa sarari. Haka nan ɗalibin lissafin kuɗi, da tattalin arziki, da kimiyyar siyasa, da ɗalibin Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, wanda galibin littattafansa PDF ne.

Ɗalibin likitanci da na harhaɗa magunguna da na jinya lissafinsu ya bambanta, domin littattafansu cike suke da hotuna masu launi, guda ɗaya yakan kai ɗaruruwan megabait, kuma sun dogara ƙwarai da darussan bidiyo da suke karɓa hannu da hannu daga na gaba da su, awa guda tana cin rabin gigabait zuwa guda. Wanda ya tara awa 300 ya cinye kusan duk abin da 256 ta bar masa, ga shi kuma shekara 5 ko 6 zai yi. 512 ita ce daidai da shi.

Masu injiniyanci da zanen gine-gine da safiyo da kimiyyar kwamfuta, manhajojinsu ne ke cin wuri tun kafin su ajiye aikin kansu. AutoCAD tana neman gigabait 10, Revit tana neman 30, Visual Studio takan ci 20 zuwa 50, kuma ɗalibin da zai girka Linux a cikin Windows don koyon tsaron intanet ko sarrafa saba, kowace irin wannan girkawa takan ɗebe masa gigabait ashirin ko fiye. Waɗannan 512 ce farkon maganarsu, wanda ya samu hali kuwa ya kai terabait guda bai yi israfi ba. Su kuwa ɗaliban aikin jarida da wasan kwaikwayo da fim, waɗanda ke ɗaukar bidiyo suna tacewa, su sani awa guda ta bidiyon waya mai ingancin 1080 takan kai gigabait 8, ta 4K kuwa ta wuce 20. Su terabait guda ne ya kamace su, tare da ma'ajiyar waje da za su riƙa kwashe ayyukan da suka gama.

Amma 128, ga wanda ƙarfinsa bai wuce nan ba, za ta yi aikin rubutu da karatu, sai dai bayan an cire na Windows da Office da sararin da ya wajaba a bari, abin da zai saura bai fi gigabait 60 zuwa 70 ba, kuma mai ita zai zauna kullum yana zaɓen abin da zai share. A karɓe ta bisa larura, da sharaɗin cewa ana iya musanya ta nan gaba.

Me ya sa shawarar wasu ƙasashe ba ta zauna mana daidai ba

Mai bincike a intanet zai ci karo da masu cewa ƙaramar ma'ajiya ta isa, tun da ana iya ajiye kome a Google Drive ko OneDrive, a kalli darasi kai tsaye a YouTube ba sai an sauke ba. Wannan magana gaskiya ce ga wanda ke da intanet mai ƙarfi kyauta a ɗakin kwanansa da ɗakin karatunsa, da wutar da ba ta yankewa. Ɗalibin Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, galibi da kuɗin abincinsa yake sayen data, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Irin wannan ɗalibi yakan sauke darasi sau ɗaya, cikin dare lokacin da data ke da rahusa ko a inda ya samu intanet na makaranta, sannan ya kalle shi sau goma, ya kuma tura wa abokai goma ta filash. Don haka buƙatarsa ga ma'ajiya ta fi ta takwaransa na Ingila ko Amurka, ko da fanninsu ɗaya.

Kyautar da kamfanonin ke bayarwa ma tana da iyaka: Google gigabait 15 ne, kuma Gmail da hotuna duk a ciki suke ci, OneDrive da iCloud 5 kowanensu, Dropbox 2. Har makarantun da a da Google ke ba su wuri marar iyaka, tun Yulin 2022 aka mayar da su kan terabait 100 da dukan jama'ar makaranta za su raba. Wannan wuri ya isa a ajiye abu mai daraja marar nauyi, amma bai isa ya zama gidan duk kayan ɗalibi ba.

Larura, buƙata, da ƙawa

Malaman usulu, musamman Imamu Shaɗibi na Garnaɗa wanda ya rasu a 1388, a littafinsa Al-Muwafaƙat, sun kasa maslaha gida uku: abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, da abin da rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da ke ƙara kyau kawai. Wannan rabo yana da amfani ga ɗalibi idan ya zo tsara ma'ajiyarsa. Larurarsa ita ce rubutun hannunsa, da aikin gida, da bayanan bincikensa, da kundin kammala karatu, waɗanda duka ba su cika kai gigabait 5 ba, amma in sun ɓata babu kasuwar da ake sayar da su. Buƙatarsa ita ce littattafai da manhajoji da darussan bidiyo, waɗanda in sun ɓata za a sake samu da wahala da kuɗin data. Ƙawa kuwa ita ce fina-finai masu dogon zango, na Kannywood da na Indiya da na Koriya, da wasannin ƙwallo na kwamfuta waɗanda guda ɗaya kan ci gigabait 50 ko 100, da bidiyon bukukuwa da WhatsApp ke tarawa.

Ba aibi ba ne ɗalibi ya huta da abin da ya halatta, domin zuciya tana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya. Sai dai duk mai gyaran kwamfuta a kusa da jami'a zai shaida cewa idan ɗalibi ya kawo kukan wuri ya cika, aka duba, da wuya a iske littattafai ne suka cika shi. Adalci ga mahaifin da ya biya shi ne, kada a nemi terabait da sunan karatu alhali ƙawa ce za ta zauna a ciki. Ita ƙawa, had-dis na waje mai arha ya ishe ta.

A gaban mai shago

Tambaya ta farko da ya kamata a yi ita ce ko ana iya cire ma'ajiyar a sa wata. Kwamfutocin ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook galibinsu suna da wannan dama, har wasu tsofaffin masu gidan faifan DVD ana iya cire shi a sa ma'ajiya ta biyu a gurbinsa. Wanda ya sayi irinsu da 256 a shekarar farko yana iya ƙarawa a shekara ta uku, lokacin da buƙatarsa ta bayyana gare shi. MacBook kuwa, duk waɗanda aka ƙera da M1 tun daga 2020 da na bayansu, ma'ajiyarsu manne take, abin da ka saya da shi za ka zauna. A lura kuma cewa Microsoft ta rufe tallafinta na gama-gari ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa bisa ƙa'ida ba ta hawa galibin kwamfutocin Intel da ke ƙasa da zubi na 8.

Na biyu, kada a wadatu da faɗar baki ko takardar da ke manne a jiki. A kunna kwamfutar nan take, a buɗe Task Manager, zai nuna ko SSD ce ko had-dis, da girmanta. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke bayyana awowin da ma'ajiyar ta yi tana aiki da matsayin lafiyarta, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya ƙin a duba. Filash da katin memori na jabu, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi su riƙa cinye abin da aka zuba musu, suna da yawa, manhajar H2testw kuwa tana tona asirinsu. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, sun kuma halatta a yi sharaɗin kwanakin gwaji. Saboda haka a nemi garanti na kwanaki sanannu, a rubuta shi a rasit tare da girman ma'ajiyar da irinta, domin rubutu shi ke kashe gardama.

Kwafi na biyu

Saura magana guda wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi, ita ce cewa kowace ma'ajiya, ƙarama ko babba, mai arha ko mai tsada, tana da ranar mutuwa. Had-dis yakan yi gargaɗi da ƙara da nawa, SSD kuwa sau da yawa shiru take mutuwa, kuma ceto abin da ke cikinta ya fi wuya. Ga sata a ɗakunan kwana, ga ruwan sama, ga bairos ɗin da filash ke ɗaukowa daga shagunan buga takardu. Babu jami'ar da ba a san labarin ɗalibin da kundinsa ya salwanta ana saura makonni ya kare shi gaban malamai ba, kuma babbar ma'ajiya ba ta hana wannan, sai ma ta ƙara yawan abin da za a rasa a lokaci guda.

Magabatanmu sun san maganin wannan tun kafin a san lantarki. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu suna watsa su gari gari, har in gara ko gobara ta ci na wani gida, na wani gidan ya saura. A Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu, mafi yawan taskar garin ta kuɓuta ne domin masu ita sun riga sun ɓoye ta ko sun kwashe ta zuwa Bamako. Ƙa'idar da masana kwamfuta ke koyarwa a yau ita ce dai wannan: abu mai muhimmanci a yi masa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam. Ga ɗalibi, wannan yana nufin kundinsa ya kasance a kwamfuta, da filash ko had-dis na waje wanda ba a ajiye shi jaka ɗaya da ita ba, da kuma Google Drive ko akwatin imel ɗinsa, ya kuma ɗauki rana guda a mako, misali kowace Juma'a, ya sabunta su.

Saboda haka idan kuɗin da ke hannu ya isa ko dai a sayi mai terabait guda babu ƙari, ko a sayi mai 512 a haɗa da ma'ajiyar waje, to na biyun ya fi. Idan kuwa tsakanin 512 ita kaɗai ne da 256 tare da filash mai inganci, ɗalibin da karatunsa rubutu ne ya ɗauki na biyun ba tare da wata damuwa ba. Dukiyar mahaifi amana ce a hannun ɗa, ilmin da ya wahala ya tara shi ma amana ne, kuma kiyaye su biyun ba ya buƙatar wani abu da ya wuce lissafi kafin saye da kwafi bayan rubutu. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya sa albarka cikin abin da iyayensu suka kashe.